Roƙo a Rigar Tarihi

Da wuya a sami attajiri a ƙasar Hausa wanda ba a ɗinka masa labarin mafari ba. In aka zauna a wata majalisa ta Maraɗi, ko a gindin bedi a Safo bayan la'asar, aka ambaci wani alhaji mai manyan motoci, ba za a watse ba sai wani ya ce ai da tiren goro ya fara. Wani a ce turin ruwa yake yi a kura, wani kuma a ce jika ɗaya ya ranta ya shiga kasuwa. Ana jin daɗin hirar, a yi hamdala, kowa ya kama gabansa, domin kowa ya san hira ce. Amurkawa kuwa sun ɗauki irin wannan hira sun mayar da ita sana'a mai kawo miliyoyi, suna zuba ta a fim, su rubuta a goshinta cewa labari ne na gaskiya. Abin da ya faru da ɗaya daga cikin waɗannan finafinai, da yadda masu sharhi suka karɓe shi, ya cancanci mai karatu na Nijar ya tsaya a kansa, saboda cutar da ke ciki ba baƙuwa ba ce a nan.

Sunan fim ɗin Flamin' Hot. Eva Longoria ce ta ba da umarninsa, ya fito ranar 9 ga Yuni 2023. Labarin Richard Montañez ne, Ba'amurke mai tsatson Meziko, ɗaya daga cikin jama'ar da ake kira Latino, wato mazauna Amurka waɗanda asalinsu ya fito daga ƙasashen kudu masu jin Sifaniyanci. Ya tashi cikin talauci a Kalifoniya, bai gama makaranta ba, ya sami aikin shara a masana'antar Frito-Lay da ke Rancho Cucamonga a 1976. Wannan kamfani, wanda ke ƙarƙashin PepsiCo, shi ke yin Cheetos, wani ɗan abin taɓawa na garin masara da ake sayarwa a leda. A fim ɗin, mai shara ne ya lura cewa mutanensa ba sa cin masara sai da barkono, shi da matarsa suka haɗa yaji a madafin gidansu, ya yi ƙarfin hali ya buga wa shugaban kamfani Roger Enrico waya, shugaba ya saurare shi, jan Cheetos mai yaji ya shiga kasuwa ya zama ruwan dare, mai tsintsiya kuma ya hau kujerar manya. An yi kuka, an yi dariya, an tafa.

Sai dai shekara biyu kafin fitowar fim ɗin, a watan Mayu 2021, jaridar Los Angeles Times ta buga binciken ɗan jarida Sam Dean, wanda ya tattauna da tsofaffin ma'aikatan kamfanin ya kuma duba takardu. Abin da ya gano shi ne, an fara aikin wannan haja a 1989 a hedikwatar kamfanin da ke Plano ta jihar Tekzas, domin a yi gogayya da ƙananan kamfanoni masu sayar da kayan yaji a shagunan unguwannin Shikago da Detroit. Wata ƙaramar ma'aikaciya mai suna Lynne Greenfeld aka ɗora wa aikin, ita ta raɗa sunan. Kamfanin McCormick ya aiko da samfurin yajin a Disamba 1989, aka fara gwada kasuwa a 1990. Shi kuwa Enrico, wanda aka ce shi ya ɗauki wayar, bai karɓi ragamar Frito-Lay ba sai farkon 1991, lokacin da kayan suka riga suka yi watanni a kan kanta. Kamfanin da bakinsa ya shaida wa jaridar cewa babu wata takarda tasa da ta nuna hannun Montañez a wancan gwaji. Da aka yi masa ca, uwar kamfanin ta fitar da wata sanarwa mai laushi tana yaba gudummawarsa, amma ba ta ce shi ya ƙirƙiro ba. A Yuli 2024 Montañez ya kai PepsiCo ƙara, a Mayu 2025 wani alƙalin kotun tarayya ya yi watsi da ƙarar yadda aka shigar da ita, ya ba shi damar gyarawa.

Ke nan masu shirya fim ɗin sun sani, masu sharhi ma sun sani. To me suka yi da sanin? Fim ɗin ya ci kyautar ƴan kallo a bikin SXSW na birnin Austin a Maris 2023. Ranar 15 ga Yuni aka haska shi a farfajiyar fadar shugaban Amurka, Joe Biden na zaune. Waƙarsa ta shiga takarar Oscar ta 2024. Kusan kashi biyu bisa uku na masu sharhin jaridu sun ba shi hannu. Akasarinsu sukan ambaci binciken a jumla ɗaya, kamar mai share ƙura daga kafaɗar riga, sannan su wuce ga yabon ɗumin zuciya da fara'ar ƴan wasa. Longoria kanta ta ce ba tarihin Cheetos ta fito yi ba, gaskiyar Richard ta zo faɗa. Wasu ƴan tsiraru ne suka tsaya suka ce wannan doguwar talla ce ta sa'a ɗaya da rabi, kuma an gina ta a kan abin da bai tabbata ba. Waɗannan ƴan tsiraru su ne da gaskiya, ko da yake an zarge su da ɗaci da raina jama'ar da ba ta da galihu.

Adalci ya wajabta a saurari masu kāre fim ɗin, domin hujjarsu tana da nauyi. Ƴan Latino sun kai kusan kashi 19 cikin 100 na mutanen Amurka, amma binciken da cibiyar Annenberg ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta yi kan manyan finafinan Holiwud ya nuna rabonsu cikin masu magana a fim bai wuce kusan kashi 5 ba. In ma sun fito, sau da yawa ɗan daba ne, ko mai fataucin ƙwaya, ko ƴar aikin gida. Mutumin da aka saba nuna wa fuskarsa a matsayin ɓarawo, in wata rana ya ga ɗan'uwansa a allo yana cin nasara, ba za a yi mamakin ya ƙi jin ana masa gyara ba. Bahaushe ya san wannan ciwon sarai. Duk wanda ya ga yadda jaridun Turai ba sa tuna Maraɗi sai shekarar yunwa, kamar 2005, zai gane me ya sa aka riƙe labarin Montañez da hannu biyu. Suka ƙara da cewa Turawa ma sun yi finafinan hajoji a 2023 ɗin nan, na takalmi da na wasan kwamfuta da na wayar salula, duk da ƙarin gishiri, me ya sa sai na mai shara za a ɗora a sikeli?

Amsar farko ita ce, gaskiyar mutumin ta isa fim, ba ta bukatar ƙari. Babu mai musun cewa ya shiga kamfanin da tsintsiya ya fita a 2019 yana babban jami'in tallata kaya. Jaridar da ta tona asirin ma ta tabbatar ya kawo shawarar wasu kayan yaji a shekarun 1990, ya kuma koya wa kamfanin yadda zai shiga kasuwar ƴan Latino. Shekara arba'in da ɗoriya na hawa tsani mataki mataki, cikin raini da haƙuri, labari ne babba. Amma ba ya sayuwa kamar labarin waya guda da ta juya rayuwa. Wanda ya ce sai an ƙara wa talaka ƙarya kafin rayuwarsa ta cancanci kallo, shi ne ya raina talaka, ba mai binciken ba.

Amsa ta biyu: kowane gwarzo na ƙarya yana tsaye ne a kan wuyan wani na gaske. Lynne Greenfeld mace ce, ƙaramar ma'aikaciya a kamfanin da maza suka cika, ita ma ba mai galihu ba ce. Sai a 2018 ta ga ana ba wani aikinta, ta rubuta wa kamfanin. Fim ɗin da ya ce ya zo share hawayen wanda aka danne, ita bai ba ta gurbi ba. Sannan ga sauran masu tsintsiya. A watan Yuli 2021, wata biyu bayan binciken jaridar, ɗaruruwan ma'aikatan Frito-Lay a garin Topeka na jihar Kansas suka shiga yajin aiki na kusan mako uku, suna kukan ana tilasta musu ƙarin lokaci, wasu har sa'a 84 a mako, babu ranar hutu. Waɗannan ba wanda ya haska su a fadar shugaban ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Darasin da fim irin wannan ke cusawa a hankali shi ne, kamfani uba ne mai adalci, kunnen shugaba a buɗe yake, wanda ya tsufa yana shara kuwa shi ne bai buga waya ba. Mutum ɗaya ya haye katanga, sai a ce ai babu katanga.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin sana'ar kambama mai arziki, sunanta roƙo, masanin nan M. G. Smith ma ya yi rubutu a kanta tun 1957. Amma roƙo yana da mutuncin da wannan fim ba shi da shi. Maroƙi a bainar jama'a yake aikinsa, ana ganin kyautar da aka miƙa masa, kowa ya san farashin kirari. In Mamman Shata ya ɗaga wani alhaji sama, mai sauraro yana jin daɗin kalangu da gwanintar harshe, ba ya ɗaukar waƙar a matsayin shaidar kotu. Kuma a aljihun maroƙi akwai zambo, wanda attajiri ke tsoro, saboda haka yabon ma ba kyauta yake ba. Haka tatsuniya: tana buɗewa da kalmomin da ke gaya wa yaro an shiga duniyar Gizo, tana rufewa da mai ba da ita yana amsa cewa ƙarya ya shirga. Harshen Hausa ya raba tatsuniya da labari, ya raba labari da tarihi, kowanne da ƙofarsa. Fim ɗin da ya yi aikin maroƙi, ya ajiye zambo a gida, ya ɗauko rigar tarihi ya sa, ya ci amanar mai kallo sau biyu. Mai sharhin da ya gane haka ya kau da kai ya zama ɗan amshi.

Yanzu a dawo ga tiren goro. Tarihin attajiran Maraɗi a rubuce yake, Emmanuel Grégoire ya fitar da littafinsa Les Alhazai de Maradi a 1986. Abin da ke ciki ya fi hirar majalisa armashi. Alhazan farko sun taso ne a matsayin masu saye wa kamfanonin Turawa gyaɗa, irin su CFAO da SCOA, da kuɗin da kamfanonin ke ba su. Bayan samun ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin gyaɗa, samun izinin saye mata ya zama ƙofar arziki, izini kuwa ba a tsintarsa a hanya. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya buɗe wasu kasuwanni. Da fari da cutar gyaɗa suka karya noman a shekarun 1970, dukiyar ta koma kan iyaka: taba da atamfa da sauran kayan da Nijeriya ta hana shigowa da su, a sauke a Maraɗi a tsallaka da su ta wajen Ɗan Isa da Jibiya, ga kuma ribar canjin naira da sefa. Akwai bashin bankin BDRN, wanda ya durƙushe a 1990 da tarin basussukan da ba a biya ba. A ƙarƙashin wannan duka akwai abin da alhazan da kansu ke kira arzikin mutane: barori da yaran gida da dillalai da direbobi, waɗanda ubangida ke ɗauke da su suna ɗauke da shi. Babu mai hankalin da zai ce alhazan ba su da basira ko juriya. Da yawa sun shiga wannan kasuwa sun fito tsirara, waɗanda suka tsaya gwanaye ne. Amma hannu ɗaya bai ɗauki wannan jinka ba.

Gyaɗar nan kuwa wani ne ya noma ta. Manoman ƙauyukan gulbin Maraɗi, Safo da maƙwabtanta na gundumar Madarumfa, suna cikin waɗanda suka duƙa a kanta, da yawa don su sami kuɗin lanho, wato harajin kai na zamanin Faransa. Sun ci bashi da damina sun biya da kaka, sun tsaya gaban sikelin da ba su ne ke karanta shi ba. In gobe wani ya tashi yin fim ɗin alhajin da ya fara da tiren goro, a bisa tsarin Holiwud, jikokin waɗannan manoma za su ga kakanninsu a bayan fage suna ɗaga buhu, babu suna, babu magana, sannan a ce musu su tafa.

Ko labarin da ya fi kowanne shahara a Kano haka yake. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya yi maraici da wuri, ya sha wahala ta gaske. Amma ɗan Agalawa ne, zuriyar fatake masu hanyar goro zuwa Gwanja tun kaka da kakanni, kuma jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, daidai lokacin da Turai ke neman man gyaɗa ido rufe. Aliko Ɗangote, wanda ake yawan kafa wa matasa misali da shi, tattaɓa kunnensa ne ta wajen uwa, kuma jarin da ya fara da shi a 1977 rance ne daga kawunsa. Faɗin wannan bai rage wa kowa daraja ba. Ɓoye shi ne ke cutar da yaron da ba shi da kawu.

Abin alfahari shi ne, silimar Nijar ta riga Holiwud gane wannan tun da daɗewa. Oumarou Ganda, wanda shi kansa ya yi yaƙin Indocin a rundunar Faransa, ya yi Cabascabo, aka nuna shi a Cannes a 1969: tsohon soja ya dawo Yamai da kuɗi, abokai da mata suka taya shi cinyewa, suka watse, ya ɗauki hanyar gona. Moustapha Alassane ya yi FVVA a 1972, haruffan farko na mace da gida da mota da kuɗi a Faransanci, inda ƙaramin ma'aikaci ya bi mafarkin arziki har ya kai shi ga taɓa kuɗin ofis da gidan kaso. A Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Jean Rouch ya yi tare da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia, ɗan kasuwar mai sayen kaji ne a ƙauye da wata tsohuwar mota da ke mutuwa kowane taƙi, ana ta dariya har ƙarshe ba tare da an yi wa kowa alkawarin zai zama miloniya ba. Waɗannan finafinai suna ƙaunar talakansu, shi ya sa ba su yi musu ƙarya ba. A fagen waƙa ma Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa yana karen motarsa, bai jira sai ya sayi tirela ba. Ɗaliban adabin Faransanci kuma sun san Balzac, da ya rubuta labarin mai turare César Birotteau a 1837, ya sa hawansa da faɗuwarsa duka a sunan littafin.

Maganar ba ta masu sharhin Amurka kaɗai ba ce. Saurayin Safo na yau yana da salula a hannu, yana kallon finafinan Kano da na Indiya da aka juya zuwa Hausa, yana kallon gajerun bidiyoyin masu wa'azin neman kuɗi da ke ce masa talauci a cikin kai yake. Gonar gidansu an raba ta har ta koma kamar tabarma. Iyakar da kasuwar yankin ta dogara da ita an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har cikin 2024, ba tare da an tambaye shi ba. In aka ciyar da shi labarin mai shara da waya guda, abu biyu ne zai biyo baya: ko ya ɗauka laifinsa ne da bai yi arziki ba, ya tsani kansa, ko ya ɗauka akwai wata gajeriyar hanya da ake ɓoye masa, ya bi ta Agadas ko ta hannun ɗan damfara. Labarin gaskiya kuwa, mai faɗin wa ya ba da jari, wa ya tsaya wa wa, wace doka ta buɗe ƙofa, shekara nawa aka yi, shi ne zai iya amfani da shi, domin yana nuna masa inda adashi da ƙungiya da sana'ar hannu da ubangida na kirki ke shiga.

Masana'antar finafinan Hausa, wadda ta faro a Kano a 1990, tana da ƴan wasa da kayan aiki da masu kallo, attajirai kuma suna da kuɗi da son a tuna da su. Ranar da waɗannan biyu za su haɗu a kan fim ɗin rayuwar wani alhaji ba ta da nisa. A ranar, masu sharhi a jaridu da gidajen rediyo na Maraɗi da Damagaram da Kano za su fuskanci jarrabawar da takwarorinsu na Amurka suka faɗi a 2023. Za a ce musu ɗan gida ne, a rufa asiri, kada a ba baƙi abin dariya. Aikinsu shi ne su tambayi wanda ya biya kuɗin fim ɗin, su nemi sunayen da aka goge, su gwada shekarun da aka ambata da abin da ke rubuce, sannan su faɗi abin da suka samu ko da fim ɗin ya sa su hawaye. In roƙo ne a kira shi roƙo, a ji daɗinsa a matsayin roƙo, ba abin kunya ba ne. In kuwa an ce tarihi ne, to manomin gyaɗa da ɗan dako da matar da ta sayar da akuyarta ta ba da jarin farko duk suna da haƙƙi a cikinsa, kuma mai alƙalami ne kaɗai wakilinsu a wurin. Allah ya ba shi ƙarfin halin riƙe wannan amana.